Karatun Injiniya: Ina Za a Kai Ɗan Gaya, kuma da Nawa?

Laccar da aka gabatar a Gaya, jihar Dosso, gaban ɗaliban ajin ƙarshe na lise da iyayensu

 

Iyayenmu sarakuna da malamai, shugabannin makarantu, alhazan kasuwa, iyayenmu mata da kuka baro aikin gida kuka zo, da ku ƴaƴanmu masu shirin zaman jarrabawar bak, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. An nemi in yi magana a kan tambayar da ke hana gidaje da yawa barci daga ranar da sakamako ya fito. Yaro ya ci bak, ya ce injiniya yake so ya zama. Ina za a kai shi, kuma da wane kuɗi?

Yaron nan yana da gaskiya, domin duk inda ya ɗaga ido a garin nan aikin injiniya yake gani. Gadojin da suka haɗa mu da Malanbil ta Benin, ta farko an gina ta a 1958, ta biyu tsakanin 1988 da 1989. Bututun man da ya taso daga Agadem ya nufi Seme a gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ta ƙasarmu ya bi ya tsallaka kogi, kuma a Mayun 2024 aka yi wa jirgin ruwa na farko lodi daga gare shi. Babbar wayar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 da aka tsara daga Birnin Kabi zuwa Yamai da Wagadugu, a Zabori cikin jiharmu take rabuwa, reshe ɗaya ya gangaro Malanbil. Ga fadamun shinkafa na Tara da injinan ban ruwansu. Ko iyakarmu da Benin, lokacin da kotun duniya ta Hague ta yanke hukunci a 2005 ta bar wa Nijar tsibirin Lete, da awon zurfin kogi ta kafa hujja, awon da injiniyoyin ruwa suka yi tun shekaru masu yawa kafin shari'ar. To, a cikin waɗannan ayyuka duka, ƴaƴan yankinmu na Dendi nawa ne suka riƙe zane da lissafi? Mun ba da ƙarfi, mun ɗauki siminti, mun tuƙa motoci, mun yi gadi. Masu sa hannu a takarda kuwa, galibinsu baƙi ne. Wannan yana damuna ƙwarai, shi ya sa na amsa gayyatarku.

Alhazan da ke nan sun riga ni sanin rabin abin da zan faɗa. Wanda ya taɓa sauke kaya daga Kwatano ya san kuɗin da aka faɗa masa a bakin teku ba shi ne kuɗin kaya ba. Sai ya ɗora na mota, na duwan, na tiransite, na kwanakin da mota ta yi tsaye a layi, da na buhunan da ruwa ya taɓa a hanya. Ranar da kaya suka shiga shago a Gaya, ranar ake sanin nawa suka ci. Abin mamaki, mutumin da ba a cutarsa da dala ɗaya a wannan lissafi, in aka zo maganar makarantar ɗansa sai ya dubi lamba guda, wato kuɗin rajistar shekara, ya yanke shawara. Roƙona shi ne a yi wa makaranta irin lissafin da ake yi wa kaya, a tambayi nawa za ta ci daga ranar da yaro ya bar gida har ranar da ya dawo da takardar da za ta ci da shi.

Abu mafi tsada a karatun injiniya shi ne shekaru. A tsarin ƙasashenmu masu aiki da Faransanci, shekara 2 bayan bak tana ba da babban ma'aikacin fasaha, shekara 3 tana ba da lisansi, cikakken injiniya kuwa sai shekara 5. A Najeriya ma digirin injiniya shekara 5 ne, da wajen wata 6 na koyon aiki a masana'anta a cikinsu. Wannan a takarda ke nan. A zahiri, malaman jami'o'in gwamnatin Najeriya sun yi yajin aiki na wajen wata 9 a 2020, suka sake yin na wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mu ma nan ba mu tsira ba. Duk wanda ya yi karatu a Yamai ya san yadda shekarun karatu ke hawa kan juna, wata ba ta ƙare ba wata ta shigo, ga yajin malamai, ga na ɗalibai, ga jinkirin biyan bursi. Kowace shekara da ta ƙaru, gida zai sake biyan haya da abinci da kuɗin mota, sannan an yi asarar albashin shekara guda da yaron zai fara kawowa. Don haka makarantar da kuɗinta ya ɗan fi, amma tana sallamar ɗalibanta a kan lokaci, tana iya fin mai araha sauƙi. Tambayar da za ku fara yi wa kowace makaranta ita ce, waɗanda suka shiga shekara 5 da suka wuce, sun fita ko suna nan? Kada ku tambayi ofis. Ku tambayi ɗalibai a bakin ƙofa.

Bayan shekaru sai ciki da wurin kwana. Sau da yawa wannan ya ninka kuɗin makaranta. Yaron da ke karatu a Dosso, kilomita wajen 150 daga nan, ana iya aika masa da buhun shinkafa da garin rogo a motar safe ya karɓa kafin azahar. Wanda ke Yamai, wajen kilomita 300, shi ma haka, kuma da wuya a rasa kawu ko gwaggo da za ta ba shi ɗaki. Wanda ke Kwatano, fiye da kilomita 700, komai da kuɗi zai saya, har ruwan wanka. In zazzaɓi ya kwantar da shi, babu mai dafa masa kunu.

Sai canji, wanda mu mutanen Gaya muke rayuwa a cikinsa kullum, naira a aljihun dama, sefa a na hagu. Sefa ɗaure take da yuro, yuro 1 sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa an sake ta a Yunin 2023. Dalar Amurka da ake canzawa a kan wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Mahaifin da ke samun kuɗinsa da sefa, ɗansa yana karatu a Sakkwato, sai ya ji nauyi ya ragu. Wanda cinikinsa a Kamba ta Najeriya yake, da naira, ɗansa kuma yana makarantar da ake biya da sefa ko dala, sai ya wayi gari kuɗin karatu ya ninka ba tare da makarantar ta ƙara ko tamma ba. Ka'idar a nan gajeriya ce. Gwargwadon iko, kuɗin da kake samu da shi, da shi za ka biya makaranta.

Akwai kuma tsadar da ba a rubuta ta a ko'ina, ita ce ta iyaka. A ƙarshen Yulin 2023 mun ga gada ta rufe, mutane suka koma kwalekwale. Ɗaliban da suka zo hutu suka rasa yadda za su koma, waɗanda ke can suka rasa yadda kuɗi zai iske su. A wannan shekarar Faransa ta daina ba da biza a Yamai, a Janairun 2024 ta rufe ofishin jakadancinta, yaran da suka riga suka samu gurbi suka zauna da takardunsu a hannu. Yaƙin Yukren a Fabrairun 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun koro dubban ɗaliban Afirka ta Yamma, wasu suna shekarar ƙarshe. Ba ina tsoratar da kowa ba ne, kaddara tana iske mutum har cikin ɗakinsa. Amma duk iyakar da ta shiga tsakanin yaro da gidansu, a sa ta cikin lissafi.

Yanzu mu dubi makarantun kansu, mu fara da gida, domin na lura muna raina na gida tun ba mu san shi ba. A Yamai, a Harobanda, akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu da ilimin duwatsu. Ba ƙaramar makaranta ba ce. Ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen yammacin Afirka ta wancan zamani, CEAO, ita ta kafa ta don ƙasashe da yawa, ta buɗe a 1990, bayan rushewar ƙungiyar ta dawo hannun Nijar. Ana karanta gine-gine, lantarki, kanikanci, ma'adinai da kwamfuta, kuma da kwankur, wato jarrabawar gasa, ake shiga. A Yamai ɗin dai akwai cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974 bayan babban fari, mai horar da injiniyoyin ruwa da yanayi, ga EAMAC ta hukumar ASECNA mai horar da masu aikin sufurin sama da na'urorinsa. Waɗannan biyu daga ƙasashen Afirka da dama ake zuwa musu. Mu da suke cikin ƙasarmu, yaranmu da yawa ko sunansu ba su taɓa ji ba. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da cibiyar fasaha mai koyar da gine-gine da lantarki da kanikanci. Jami'ar Dosso, da aka kafa a 2014 tare da na Agadas da Difa da Tilaberi, an ba ta fannin sadarwa da fasahar zamani, ta Agadas kuma ma'adinai da makamashi. Sababbi ne, kayan aikinsu bai cika ba, kuma ba zan ce muku sun kai tsofaffi ba. Sai dai kuɗinsu ɗan talaka yana iya ɗauka, takardarsu ta gwamnati ce, babu wanda zai tsaya yana juya ta a teburin ɗaukar aiki, kuma wanda ya cika sharuɗɗa yana iya neman bursi ta hukumar ANAB.

Akwai wata riba ta karatun gida da ba a cika faɗa ba. Wanda ya koyar da kai a EMIG, abokinsa ne ke shugabantar wani sashe a kamfanin lantarki NIGELEC ko a matatar SORAZ ta Damagaram ko a kamfanin kwal SONICHAR. Wanda ya riga ka fita da shekara 3, shi zai kira ka ranar da ake neman mutum a wurin aikinsu. Istaj ɗin da ka yi a wani kamfanin gini na Yamai, shi ne sau da yawa ke zama aikinka na farko. Yaron da ya yi shekara 5 a wata ƙasa mai nisa yana dawowa da takarda mai kyau, amma bai san kowa ba, kowa bai san shi ba, bai san ƙasar da zai haƙa ba, bai san yadda laka ta fadama ke cin harsashin gini ba.

Najeriya tana jan hankalinmu, kuma da dalili. Kamba ga ta nan, rabin gidajen garin nan suna da dangi a Kabi ko Sakkwato. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kabi a Aliero tun 2006, akwai jami'ar tarayya da kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kabi, akwai jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga ta fasaha a Minna, ga Bayero a Kano, ga uwa uba Ahmadu Bello ta Zariya, wadda tun 1962 take yaye injiniyoyi. Zariya tana da zurfin malamai da yawan fannoni da babu makarantar da ta kai ta a ƙasarmu, wannan gaskiya ce. Ingilishin da yaro zai fito da shi ma dukiya ne, domin a filin mai da manyan ayyukan da kamfanonin Sin ko Turkiyya ko Indiya ke yi, da shi ake magana, kuma yawancin littattafan fasaha da shi aka rubuta su. Amma ku san abin da kuke shiga. Yaron da ya yi shekara 13 yana lissafi da Faransanci, in aka jefa shi aji da Ingilishi ba shiri, shekararsa ta farko tana iya tafiya a banza, don haka a ware masa watannin koyon harshe a sa su cikin kuɗi. Baƙo ba ya biyan abin da ɗan ƙasa ke biya. Jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗi sosai a 2023, kuma rancen karatun da gwamnatinsu ta fara bayarwa a 2024 na ƴan ƙasarta ne. Shiga kuma ta hannun hukumar jarrabawa JAMB take bi, da ka'idojinta. Sannan kada ku tsaya ga sunan jami'a, ku bincika ko shi wannan sashen da yaro zai shiga yana da amincewar hukumar jami'o'i NUC da ta injiniyoyi COREN, domin jami'a guda tana iya samun amincewa a gine-gine ta rasa a lantarki.

A nan zan faɗi wata magana da na san ba kowa zai so ta ba. Akwai masu nemo wa yaro takardar haihuwar wata ƙaramar hukuma a tsallake, a sauya masa suna ko shekaru, don ya biya kuɗin ɗan ƙasa. Wanda yake da haƙƙin ƙasa biyu ta uwa ko ta uba, haƙƙinsa ne, ya bi hanya ya karɓa. Wanda ba shi da shi, an ɗora masa rayuwa a kan ƙarya. Ranar da ya dawo Yamai neman a daidaita masa takarda, sunan da ke kan bak daban, na kan digiri daban, shekara 5 sun zama matsala. Mutumin da za a ba amanar gadar da dubban rayuka za su bi, bai kamata ya fara da jabun takarda ba.

Benin kuwa kuɗinmu ɗaya, harshen karatu ɗaya, tsarin karatu ɗaya. Makarantar fasaha ta Abomey-Calavi, EPAC, tsohuwa ce mai mutunci, asalinta tun 1977. Ko da Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, tana cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashenmu masu sefa, kuma tun 2005 ƙungiyar ta fitar da umarnin cewa ɗaliban ƙasashenta su biya kuɗi daidai da ƴan ƙasa a jami'o'in gwamnati. Ba ko'ina ake aiki da shi yadda aka rubuta ba, don haka ku nemi a ba ku farashin a rubuce kafin ku ɗaure kaya. Hatsarin Kwatano yana wajen ƙananan makarantun kuɗi. A Disamban 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a can cikin mako 6, bai taɓa zama aji ba. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, daga baya ta ce jami'o'i 5 kawai ta yarda da su a Benin, 3 a Togo. Ku tuna da yaran kirki da suka zauna aji da gaske, iyayensu suka biya da gumi, ambaliyar ta tafi da su tare da masu laifi. Mu ma a Yamai irin waɗannan makarantu suna nan, gida mai hawa biyu, allo babba a ƙofa, hoton saurayi da hular kwano. Ba duka makarantun kuɗi ne na banza ba, akwai na ƙwarai. Hanyar rarrabewa ita ce a nemi takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, a kuma duba ko wannan diflom ɗin, shi kansa, yana cikin waɗanda CAMES ta amince da su. CAMES hukuma ce ta ƙasashenmu da aka kafa a 1968, mazauninta Wagadugu, kuma jerin yana intanet, yaro zai iya dubawa a wayarsa.

A Wagadugu ɗin akwai 2iE, wadda ta fito daga haɗewar tsofaffin makarantu biyu na ƙasashenmu, EIER da ETSHER. A fannin ruwa da makamashi da gine-gine tana cikin na gaba a yankin nan, kuma hukumar Faransa mai tantance takardun injiniya, CTI, ta amince da ita. Tsadarta ta miliyoyi ce. Ga wanda ya sami bursi, ko gidansu zai iya biya ba tare da an taɓa jari ba, kuɗi ne da ke dawowa. Ga wanda sai an ci bashi, shawarata ya yi lisansi a gida, ya nemi shekara 2 na ƙarshe a can.

Ƙasashen nesa ba zan daɗe a kansu ba. A 2019 Faransa ta sa wa baƙi daga wajen Turai yuro 2,770 a shekara a matakin lisansi, fiye da sefa miliyan 1.8. Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu jika 42 ne a wata. Wato rajistar shekara guda ta haura albashin wata 40, ba a yi maganar haya da abinci da jirgi ba. Ƙofar da ta dace da yawancinmu ita ce ta bursin haɗin gwiwa da Maroko da Aljeriya da Turkiyya da Sin da Indiya da Rasha ke bayarwa, da na Bankin Musulunci, da jami'ar fasaha ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ke Gazipur a Bangaladash. Waɗannan da maki ake samunsu. Duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi ya samo muku bursi, ku riƙe kuɗinku. Fita waje tana da amfani in za a ɗebo abin da babu a gida. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Faris ya yi karatun kimiyya, ya ƙaro a Tarayyar Sobiyet, ya dawo ya shugabanci hukumar makamashin rana ONERSOL, yana ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da hasken rana a Yamai tun duniya ba ta waiwayi wannan fanni ba. Irin wannan fitar nake so ga ƴaƴanmu.

To, me ake saye da duk wannan kuɗi? Takardar da za a karɓa, mun yi maganarta. Saura hannu. Na zauna a teburin ɗaukar ma'aikata, na ga masu manyan takardu da ba su taɓa riƙe na'urar awon ƙasa ba, ba su taɓa fasa kankare a injin gwaji su ga ƙarfinsa ba, ba su taɓa buɗe akwatin lantarki ba. Ba laifinsu ba ne, a allo aka koya musu komai. Saboda haka, iyaye, kafin ku biya, ku je da ƙafarku ku ce a nuna muku ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin aikin hannu. Ba sai kun yi boko ba. Ku dubi injin, in ƙura ta rufe shi kun sami amsa. Ku tambaya malamai nawa ne na dindindin, nawa ne ke zuwa awa biyu su wuce. Ku tambaya a ina ɗaliban bara suka yi istaj, makaranta ce ta samo musu ko an bar kowa da Allahnsa. Ku nemi tsofaffin ɗalibai ku ji inda suke aiki. Makarantar da ta ƙi buɗe muku waɗannan ƙofofi ba ta cancanci kuɗinku ba.

A kula da fanni ma. Da bututu ya zo, kowane yaro ya ce man fetur zai karanta. Aikin shimfiɗa bututu ya ƙare, masu kula da shi kaɗan ne. Mahaƙar yuraniyom ta COMINAK a Arlit, da ta ci da gidaje shekaru fiye da 40, ta rufe a Maris na 2021. Dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, aka yi bikinsa a 2016, bai iso mu ba, bai kuma yi jigilar da aka yi alkawari ba. Fanni mai ƙunci yana rayuwa ne da aiki guda, in aikin ya tsaya mai shi ya tsaya. Gine-gine, lantarki, kanikanci da ruwa kuwa ana nemansu a filin mai, a ma'adinai, a gona, a cikin gari. Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, ga kogi, ga fadamun Dallol da rakensu, amma har yau ambaliya tana cin gonaki a damina, injinan ban ruwa suna tsayawa da rani. Injiniyan ruwa ko na hasken rana ɗan garin nan ba zai rasa abin yi ba ko gwamnati ba ta ɗauke shi ba.

Kada kuma a raina hanyar shekara 2 ko 3. Yaron da gidansu ba zai iya ɗaukar shekara 5 a jere ba, ya yi BTS, wato takardar babban ma'aikacin fasaha, ko lisansi ta sana'a, ya kama aiki, ya tara, ya koma ya cika. Injiniyan da ya biyo ta wannan hanya ma'aikata ba sa yi masa wayo a wurin gini, domin ya taɓa ɗaure rodi da hannunsa.

Hukuncina ga yawancin gidajen da ke zaune a nan shi ne wannan. A fara da kwankur na gida da neman bursi, a sa ƙarfi a nan tun daga yau, domin makin lissafi da kimiyya a bak shi ne kuɗin ɗan talaka. In ba a samu ba, a dubi jami'ar gwamnati ta kusa, a Najeriya ko Benin, bayan an je ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai an tabbatar za a daidaita takardar in an dawo. Makarantar kuɗi da ƙasar nesa su zo a ƙarshe, kuma sai in kuɗin shekarun duka yana ƙasa. Wanda ya biya shekara 2 ya gaza ta 3 ya fi kowa asara, babu kuɗi, babu takarda. Kada a sayar da garka ko gonar gado don wannan. Garkar ita ke ci da ƙannen yaron, kuma su ma suna da haƙƙin karatu. Cikin ƙannen nan da yayyen akwai mata. Malaman lise da ke nan shaida ne, sau da yawa yarinya ce ke kan gaba a lissafi, amma in aka zo rabon kuɗi sai a tura namiji mai matsakaicin maki waje, ita a ce ta jira. Iyayena mata, ku ne za ku tsaya mata. Dosso da Yamai ba su da nisa, kuma akwai dangi.

Alhazanmu na kasuwa, maganata ta ƙarshe gare ku take. Allah Ya ba garin nan masu dukiya da sunansu ya kai Kwatano da Lome da Kano. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, Allah Ya saka. Ina roƙonku ku haɗu ku buɗe asusu, a sa shi hannun amintattu, a riƙa ɗaukar nauyin yaran da suka fi maki a lissafi da kimiyya a lise na Gaya, maza da mata, ɗan mai kwalekwale da ɗan mai shago, har su gama, da sharaɗin wanda ya kama aiki ya ɗauki na bayansa. Ku kuma ƴaƴana, kada ku jira sakamako ya fito kafin ku fara tambaya. A cikin makon nan ku sami malamanku, ku rubuta ranakun kwankur da na ajiye takardun bursi, ku zauna da iyayenku da alƙalami ku yi lissafin shekara 5 cif.

Allah Ya ba ku sa'ar jarrabawa, Ya yi wa karatunku albarka.